Yatsan Yusha'u

A Agege ta Legas, kusa da layin dogo, akwai wani dogon gida mai ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa. A ɗaki na huɗu ne wata yarinya mai suna Umaima take zaune da iyayenta. Shekararta goma, tana aji biyar.

Na ce tana zaune, amma gaskiya Umaima ba ta san zama ba. In ta zauna, ƙafarta na rawa. In an aike ta, da gudu take tafiya, da gudu take dawowa, wani lokaci ma ta manta abin da aka aike ta saya. Ummanta kan ce, "Ke dai kamar wadda ta zauna a kan tururuwa!"

Tana da ƙane, Yusha'u. Ya kusa shekara biyar, amma ɗan ƙarami ne a jiki. Kansa kuwa, Allah ya ba shi. Duk abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Yakan hau kan benci ya riƙa kwaikwayon yaran danfo, motocin hayar Legas, yana ihun kiran fasinja, "Oshodi, Oshodi! Iyana Ipaja, wole!" Har matan gidan su yi ta dariya.

A bayan masallacin unguwar akwai wata ƙaramar makaranta ta Malama Kalsum. Ana koyar da Hausa da Turanci da Larabci. Nan Umaima take karatu, nan kuma Yusha'u yake mafarkin zuwa.

Malama Kalsum tana da hanyarta ta ɗaukar sababbin yara, irin ta mutanen da. Yaro zai ɗora hannun dama a bisa kai, ya taɓo kunnen hagu. In hannu ya kai, an ɗauke shi. Harouna, abokin Yusha'u na ɗaki na tara, hannunsa ya kai. Na Yusha'u bai kai ba. Ya miƙe, ya yi ɗage, har ya sa ɗaya hannun ya turo kunnen sama. Duk da haka saura faɗin yatsa biyu.

Ya fara ƙwalla. Malama ta tausaya masa.

Ta ce wa Umma, "Ku koya masa a gida cikin wannan dogon hutu. In ya san haruffa, ya iya haɗa su, zan ɗauke shi ranar da aka dawo. In ba haka ba, sai baɗi."

Umma ta yi firamare a Funtuwa kafin aure. Sai ta sami kwalin sabulu, ta yayyanka, ta ɗinke da zare. Ta yi masa littafi mai shafi goma. A kowane shafi ta zana hoto ɗaya, ta rubuta layi biyu da manyan haruffa. Sun fara ke nan, sun yi harafi uku, sai Umma ta haihu. Aka sami jaririya, aka sa mata suna Fadima.

Bayan suna, Umma ta kira Umaima.

"Kin ga halin da nake ciki," in ji ta. "Ga jego, ga Fadima ba ta barci. Ga littafin ƙanenki. Kullum bayan la'asar ki zauna da shi. Harafi biyu a rana ya isa. Za ki iya?"

"Zan iya mana, Umma! Wannan ai ba komai ba ne."

"To, amana ce na ba ki."

Ranar farko suka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Umaima ta nuna harafi.

"Wannan B ne. Ce B."

"B."

"Wannan kuma D."

"D."

Ta koma na farkon. "To wannan fa?"

Yusha'u ya ƙura ido. "Mutum mai ciki biyu."

"Kai! B ne!"

Suka sake. Suka kuma sakewa. Jirgin ƙasa ya wuce, gidan ya girgiza, Yusha'u ya tashi zai je kallo. Ta jawo shi. Mai rake ya wuce, ya sake tashi. Ta sake jawo shi. Ita kanta ƙafarta sai rawa take yi.

Can sai yaran gidan suka ɗau ihu. An kawo wuta!

A wannan shekarar ce Maman Harouna, wata 'yar Nijar mai suna Ramatou, ta sayi bidiyo. Da an kawo wuta, duk yaran gidan sai su cika ɗakinta kallon kaset ɗin da ake kawowa daga Kano. Ba wanda ya san lokacin da za a sake ɗauke wutar. Wanda ya makara ya rasa.

Umaima ta dubi ɗaki na tara, ta dubi littafin. Don haushi ta karanta shafin farko da ƙarfi.

"Kaza ta sha ruwa. Kaza ta ƙoshi. Dubi abu mai sauƙi, amma ka tsaya kana ce mini mutum mai ciki biyu!"

Yusha'u ya ce, "Kaza ta sha ruwa. Kaza ta ƙoshi."

Umaima ta dube shi. Ta buɗe shafi na biyu, mai hoton akuya.

"Akuya ta ci dusa. Akuya ta kwanta."

"Akuya ta ci dusa. Akuya ta kwanta."

Nan wata dabara ta faɗo mata. Ta ce a ranta, me zai sa in wahalar da kaina da B da D? Yaron da ya haddace duk kiran danfo, shafi goma zai gagare shi?

"Yusha'u, in ka ga kaza, ka faɗi na kaza. In ka ga akuya, ka faɗi na akuya. Ka sa yatsa a kan layin kana ja. Shi ke nan karatu."

"Shi ke nan, Yaya?"

"Shi ke nan. Ka iya!"

Yusha'u ya ɗora yatsa a ƙarshen layi, ya riƙa ja daga dama zuwa hagu. Haka yake ganin Baba na yi da asuba in yana karatun Alƙur'ani. Umaima ta gani. Ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta jiyo kiɗan kaset ya fara. Ta kwasa da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Cikin kwana biyar Yusha'u ya haddace littafin kaf.

Umma tana jin muryarsa daga bayan labule. Takan ce, "Masha Allah! Umaima, Allah ya yi miki albarka." Umaima takan amsa da amin a hankali, ta sulale waje.

Babansu, Malam Iliyasu, tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Tun duhun asuba yake fita taryen motocin Arewa, sai yamma ya dawo. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma bai yi boko ba. Ran nan ya dawo ya tarar da Yusha'u na rera shafi bayan shafi, yatsa na tafiya daga dama zuwa hagu. Bai ga wani aibu ba. A wurinsa ai haka karatu yake tafiya.

Ya ajiye ledar hannunsa. "Yusha'u! Kai ne kake karatu haka?"

"Ni ne, Baba. Yaya ta ce na iya."

Baba ya ɗauke shi a kafaɗa, da shi da littafin, sai teburin mai shayi na bakin titi. A gaban abokansa ya sa shi karatu. Masu gadi da 'yan acaɓa suka taru. Wani ya ce, "Oga Iliyasu, wannan yaron ai likita ne!" Mai shayi ya soya masa ƙwai kyauta. Washegari Baba ya kai shi wurin tela aka auna shi, aka ɗinka masa kayan makaranta, farar riga da koren wando.

Daga nan kallo ya daina yi wa Umaima daɗi. Tana zaune a ɗakin Maman Harouna, idonta na kan talabijin, amma hankalinta na kan koren wandon da aka rataye a ƙusa. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Har Maman Harouna ta ce, "Ke Umaima, ko ki zamna ko ki hita, kina tare muna!"

Sau ɗaya ta je za ta gaya wa Umma gaskiya. Ta tsaya a bakin gado ta ce, "Umma..." Sai Fadima ta tsala kuka. Umma ta ce, "Miƙo mini zanen can." Ta miƙa, ta fita.

Saura kwana biyu a koma makaranta, tsoro ya kama ta sosai. Ta jawo Yusha'u.

"Zo mu koyi haruffa."

"Ai na iya karatu," in ji shi. Ya fizge hannunsa ya tafi wasa.

Ranar komawa makaranta Baba bai je kasuwa ba. Ya bar wa maƙwabcinsa amanar kwandunansa. Ya sa babbar riga. Yusha'u ya sa sababbin kaya, yana tafiya yana kallon kansa. Umaima na biye da su. Ranar ce ta farko da aka ga tana tafiya a hankali.

Ajin ya cika da iyaye. Malama Kalsum ta ce, "To, Yusha'u, bismillah."

Yusha'u ya buɗe littafi, ya ɗaga murya. Kaza ta sha ruwa. Akuya ta ci dusa. Jirgi ya zo. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Iyaye suka yi ta masha Allah. Baba sai gyara hula yake yi.

Malama ta matso kusa. Ba bakinsa take kallo ba, yatsansa take kallo.

Ta karɓi littafin, ta buɗe tsakiya, ta rufe hoton da tafin hannunta.

"Karanta mini nan."

Yusha'u ya duba. Ya leƙa ta ƙarƙashin hannunta.

"Malama, ɗaga hannunki in ga hoton."

Wasu suka yi dariya. Malama ta tashi, ta rubuta harafi ɗaya a allo, babba.

"Wannan wane harafi ne?"

Yusha'u ya juya ya dubi Umaima. Ta sunkuyar da kai. Ya sake duban allon. Sai ya ce da ƙaramar murya, "Kaza ta sha ruwa?"

Wannan karon dariyar ta fi yawa. Ya dubi Harouna da ke zaune a kan benci, ya dubi Baba. Sai ya fashe da kuka, irin kukan da yaro ke yi in bai ma san laifin da ya yi ba.

Umaima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kukan ya fi ƙarfinta.

"Malama, ba laifinsa ba ne," in ji ta. "Ni ce. Ban koya masa haruffa ba. Hadda na sa shi ya yi, don in samu in je kallo. Na ce masa ya iya."



Malama ta ce, "Umaima, ke da kike aji biyar? Hadda abu ne mai kyau, da ita muke riƙe karatu mai yawa. Amma wanda ya haddace wannan littafi, shi kaɗai ya sani. Wanda ya san haruffa, kowane littafi nasa ne."

Ta juya wurin Baba. "Malam, kujera ɗaya ta rage mini. Zan ajiye ta har ƙarshen wata. Mako uku ke nan. In ya wuce, akwai masu jira."

Da suka iso gida, Baba ya shige ɗaki. Ya cire wa Yusha'u sababbin kayan da kansa, ya ninke, ya sa a ƙasan akwati. Umaima tana jiran bulala. Da ma ita aka yi mata, da ta fi sauƙi.

Baba ya ce, "Umaima, ni ban iya boko ba. Shi ya sa na yarda da idonki. Na kai shi gaban mutane ina alfahari, ashe ke kin san abin da ban sani ba."

Ya ɗauki hularsa ya tafi kasuwa da rana tsaka. Umaima ta shiga bayan ƙofa ta yi kuka har ta gaji.

Washegari da safe Harouna ya fito da jakarsa. Yusha'u ya tsaya a bakin ƙofar gida da tsohuwar rigarsa, yana kallonsa har ya sha kwana. Haka ya yi jibi, haka ya yi gata.

Da la'asar Umaima ta shimfiɗa tabarma. Yusha'u ya ƙi zuwa.

"Ba na so. Ke kika ce na iya. Aka yi mini dariya."

"Ƙarya na yi maka, Yusha'u. Ka yi haƙuri."

Ya juya mata baya.

Ta shiga wurin Umma, ido jajur. "Umma, ya ƙi. Kuma ko ya yarda ba ya zama. Ni ma... ni ma ba na iya zama."

Umma tana shayar da Fadima. Ta ɗan yi murmushi.

"Na sani. Ni na haife ku. To wa ya ce miki dole sai a zaune ake koyon harafi? Duk garin nan rubutu ne. Ɗauke shi ku fita, amma kada ku tsallaka titi."

Umaima ta fito. Ta sami gawayi, ta zana A babba a kan simintin tsakar gida.

"Yusha'u, ga wani ɓarawo, sunansa A. Ya ɓuya a unguwar nan. Wanda ya riga kama shi sau biyar ya ci."

Yusha'u ya waiwayo kaɗan. "Ina ya ɓuya?"

"Oho! Ni dai na tafi nema."

Ba ta kai ƙofa ba ya riga ta fita.

Suka kama A a jikin gwangwanin madara a teburin mai shayi. Suka kama shi a buhun shinkafa. Suka kama shi a bayan wata danfo da ta tsaya ɗaukar fasinja, har sau uku. Yusha'u na tsalle yana ihu, "Ga shi! Ga shi can!" Yaron motar ya ce da Turancin Legas, "Wetin dis pikin dey find?" wato me yaron nan yake nema. Suka tuntsire da dariya.

Kashegari suka kama B da U. Suka zana su a ƙasa da tsinke. Suka jera su da marafan kwalba. Umaima ta ɗaura masa jan zare a hannun hagu.

"Boko daga hannun zare yake farawa. Larabci daga ɗaya hannun. Kowanne da ƙofarsa."

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata rana ya manta duk na jiya. Wata rana ruwa ya wanke musu gawayin tas. A rana ta tara kuwa, suna tsakiyar haɗa B da A, yara suka ɗau ihu an kawo wuta. An ce ma sabon kaset ne. Ƙafar Umaima ta fara rawa. Har ta miƙe.

Yusha'u ya ɗago kai ya dube ta.

Ta koma ta zauna a kan ƙafar tata. "Ina muka tsaya?"

"B da A."

"To haɗa su."

"Ba."

"Ga wani B da A a gabansa."

"Ba." Ya tsaya a nan. Amsar tana bakin Umaima, tana ƙaiƙayinta, amma ta cije leɓe. Yusha'u ya sake bi da yatsa. "Ba... ba. Baba! Yaya, Baba ne! An rubuta Baba!"

Ya ruga ɗaki yana ihu har ya tashi Fadima daga barci. Umma ba ta yi faɗa ba.

Ranar ƙarshen wata ta zo. Baba ya ce kada a sa sababbin kaya tukuna. Suka tafi su uku. Umaima tana ji kamar ita za a yi wa jarrabawa.

Malama Kalsum ba ta ko taɓa littafin kwalin ba. Ta rubuta haruffa a allo, a hargitse. Yusha'u ya faɗi goma sha takwas, ya rasa biyu. Sannan ta rubuta kalmar da ba ta cikin littafin.

Yusha'u ya matso. Ya ɗora yatsa a dama. Sai ya dubi jan zaren hannunsa, ya ɗauke yatsan, ya mai da shi hagu.

"Tu... ma... ti..." Ya daɗe a kan na ƙarshen. "Tumatir! Na Baba!"

Malama ta rubuta wata.

"Kun... ne. Kunne." Ya kama kunnensa, ya ɓata fuska. "Har yanzu hannuna bai kai ba, Malama."

Malama ta yi dariya. "Bar shi, zai kai. Gobe ka zo da wuri. Kujerarka tana kusa da ta Harouna."

Baba ya juya ya goge ido da hannun riga. Sannan ya dafa kan Umaima ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Wannan karon ta amsa amin da ƙarfi.

Bayan magariba Umma ta fito da koren wando daga akwati. Baba kuwa, maimakon ya tafi teburin mai shayi, sai ya zauna a kan tabarma ya jawo littafin kwali.

"Shekara ashirin ina sayar da tumatir," in ji shi, "ban san yadda ake rubuta shi ba. Malamai, akwai kujera ɗaya da ta rage?"

Ya ɗora babban yatsansa a ƙarshen layi, a dama. Yusha'u ya kama yatsan da hannu biyu, ya ja shi zuwa hagu.

"Ba nan ba, Baba. Daga nan ake farawa. Kuma ba hadda!"

Duk suka yi dariya, har Umaima, wadda ta zauna daram har aka gama.

Tun daga ranar ta gane cewa in an ba ka amanar koyar da ƙarami, ba ka da ikon yi masa gaggawa ko ƙarya, domin shi zai sha kunyar. A bi shi a hankali, harafi bayan harafi, har ya iya da kansa.